Tsumma A Magudana: Haƙƙin Da Muke Ɗauka Ba Mu Sani Ba

(Laccar da aka gabatar a majalisin karatun wata-wata, tsakanin Magariba da Isha'i.)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ruwa, Ya rayar da mu da shi, Ya kuma sanya shi abin tsarkinmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, na san lokacin da aka sanar da maudu'in wannan dare akwai waɗanda suka yi murmushi, suka ce a ransu: ashe malam ya rasa abin faɗa sai zancen masai? To, irin wannan magana an riga ku faɗinta. Imamu Muslim ya ruwaito cewa an taɓa yi wa Salmanul Farisi (R.A.) izgili a kan cewa Annabinmu bai bar komai ba sai da ya koyar, har da zaman bayan gida. Salmanu bai sunkuyar da kai ba. Ya gaskata maganar, sa'an nan ya shiga lissafa musu ladubban ɗaya bayan ɗaya: alƙiblar da ba a fuskanta, hannun da ba a amfani da shi, adadin duwatsu, da abubuwan da aka hana yin tsarki da su. Abin da suka ɗauka gori ne, shi ya ɗauke shi abin alfahari. Saboda haka ba ni jin nauyin wannan zance a cikin masallaci.

Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa, da yawanku kun gani da idonku. Makonni uku da suka wuce, ranar Juma'a, an rufe banɗakunan masallacin nan gaba ɗaya, tsofaffi suna ta neman inda za su kama ruwa. Ina tsaye a wurin lokacin da mai gyaran famfo ya fasa bututun. Abin da ya jawo da ƙugiya ya cika buhu: ledojin fiya wata, tsummokara, duwatsu, famfas ɗin jarirai, da wani abu fari mai kama da igiya wanda ya ce shi ne ya fi ba shi wahala, watau jiƙaƙƙen tishun nan na kanti wanda mata suke kira wayif. Duk wanda ya jefa waɗannan abubuwa, salla ce ta kawo shi.

Kafin mu zo ga hukunci, ya kamata mu fahimci yadda abin yake, domin malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san siffarsa. Wurin da wannan matsala ta fi bayyana, aka kuma auna ta, aka rubuta, shi ne birnin Landan na ƙasar Ingila, saboda haka can zan kai ku.

Landan tana da magudanan ƙarƙashin ƙasa waɗanda suke kwashe ƙazantar gidaje su kai ta wuraren tacewa. Ba don ƙawa suka gina su ba, wuya ce ta sa. A shekarun 1853 da 1854 cutar kwalara ta kashe musu fiye da mutum dubu goma, kuma a lokacin ne wani likita mai suna John Snow ya nuna cewa ruwan sha da ya gauraya da bahaya shi ke yaɗa cutar. A shekarar 1858 kuma warin kogin Tems ya yi tsanani har ya dami 'yan majalisarsu a cikin zaurensu, sai suka amince da kuɗin aikin, aka ɗora wa injiniya Joseph Bazalgette nauyinsa. Har yau birnin yana amfani da abin da ya gina.

A watan Satumba na shekarar 2017, ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water suka sauka cikin wata tsohuwar magudana a ƙarƙashin titin Whitechapel, a gabashin birnin, suka tarar da wani curi ya cike ta. Tsawonsa mita 250, nauyinsa kimanin tan 130, taurinsa kamar kankare. Ba komai ba ne illa jiƙaƙƙen tishu, da famfas, da audugar mata, waɗanda maiƙo da man girki suka haɗe su wuri ɗaya. Sai da aka yi makonni tara ana farfasa shi da ruwa mai ƙarfi da shebur, a cikin ramin da mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Turawa sun laƙaba wa irin wannan curi suna mai ma'anar tsaunin kitse, kuma a shekarar 2018 har gidan tarihin birnin ya ajiye wani gutsure daga cikinsa, mutane suna zuwa kallo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a kan wannan titi babban masallacin Gabashin Landan yake, kuma Musulmi suna da yawa a unguwar. Ban ce su suka yi ba, domin magudana ba ta tambayar addinin mai gida. Amma ba zan yarda a ce babu hannun mai salla ko ɗaya a ciki ba.

Kuma ba wannan ne na farko ba. A shekarar 2013 an ciro mai nauyin tan 15 a unguwar Kingston, bayan mazauna wurin sun koka cewa bayan gidansu ya daina tafiya. A birnin Baltimore na Amurka, a shekarar 2017, irin wannan toshewa ta sa fiye da galan miliyan ɗaya na ruwan ƙazanta ya malala cikin wani rafi. A wannan shekara dai ƙungiyar kamfanonin ruwa ta Birtaniya ta bincika abin da ake cirowa daga magudanan da suka toshe, ta samu kashi 93 cikin ɗari jiƙaƙƙen tishu ne. Ta ce ana samun toshewa kimanin 300,000 a shekara, ana kashe fam miliyan 100 wajen gyara. Abin da ya tsallake ya shiga kogi kuwa ya taru a gefen Tems kusa da gadar Hammersmith har ya zama tsibiri, sai a shekarar 2025 aka sa motar haƙa ta kwashe fiye da tan 100.

To, me ya sa takardar bayan gida ba ta yin haka, shi wannan yake yi? Ku jarraba a gida. Ku sami kwalba biyu da ruwa, ku sa takardar a ɗaya, jiƙaƙƙen tishun a ɗaya, ku girgiza. Takardar za ta dagargaje ta zama kamar kunu, domin gajerun zaruruwan itace ne aka manna su. Shi kuwa ɗayan za ka ciro shi yadda ka sa shi. Tsumma ne na gaskiya, an yi shi da dogayen zaruruwa da aka sarƙe, da yawa daga cikinsu na roba ne, kuma da gangan aka yi shi don kada ya yage alhali yana jiƙe. Da yana narkewa a ruwa, ai da tun a cikin ledarsa ya narke. Har wanda aka rubuta a jikinsa cewa ana iya korawa da ruwa, ma'aikatan magudana sun daɗe suna kuka da shi, domin wucewa ta bakin masai daban, narkewa a cikin bututu daban.

Bututun da ke fita daga gida yawanci faɗinsa inci huɗu ne. Idan tsumma ya shiga, yakan tafi har ya sami inda zai maƙale: kwana, ko gaɓar da ba ta daidaita ba, ko saiwar itace da ta kutsa. Na biyu ya zo ya rataya a jikin na farko, na uku ya bi, ruwa yana murɗa su har su zama igiya. Sa'an nan maiƙon da aka zubar daga tukunya yana da zafi ya iso wurin ya huce, ya daskare a jikinsu, ya haɗu da sinadaran da ke cikin ruwa ya ƙanƙare kamar sabulu. Wanda ya wuce kuwa yakan je ya nannaɗe farfelar injin da ke tura ruwan gaba, injin ya tsaya ko ya ƙone.

A nan nake so ku saurara da kyau. Idan hanya ta toshe, ruwan ba ya komawa gidan wanda ya toshe ta. Yana neman wuri mafi gangare ne. Mai bene na uku ya jefa, mai ɗakin ƙasa ya wayi gari da najasa a kan tabarmarsa. Na kan tudu ya jefa, na kwari ya kwashe. Shi kuwa mai laifin ya ja ruwa, ya ga tangaran fes, ya wanke hannu, ya fito yana karanta addu'ar fita. Bai san ya yi komai ba.

Wani zai ce: malam, wannan ai matsalar Turawa ce, mu ina muka ga magudanar ƙarƙashin ƙasa? Gaskiya ne yawancin garuruwanmu masai ne na rami ko sokawe. Amma tsakiyar Abuja, irin su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro, suna kan magudana ɗaya ce wadda take kai ƙazanta matatar Wupa, kuma 'yan'uwanmu ne cike da waɗannan unguwanni. Asibitoci, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da gidajen haya masu hawa, da masallatai irin namu, duk bututu ɗaya jama'a suke tarayya a kansa. Alhazanmu kuma kowace shekara suna shiga banɗakunan Mina da Arfa tare da miliyoyin mutane. Ko sokawen gidanka, abin da ba ya ruɓewa shi ke cika shi da wuri, ya kuma toshe tiyon motar da ta zo zuƙewa. Hasali ma, mu muna da wani dalili na musamman da ya sa abin ya fi kama mu. Mun tashi da masai na rami, wanda duk abin da aka rasa inda za a kai, can ake jefa shi. Gini ya canza, hannu bai canza ba. Mutum yana tsaye a kan bututu mai inci huɗu, yana yi masa mu'amalar rami mai gaba biyar.

Yanzu mu koma ga Shari'a. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tsoratar game da yin bahaya a kan hanyar mutane ko a inuwar da suke hutawa, ya bayyana cewa abin yana jawo tsinuwa. A ruwayar Abu Dawuda daga Mu'azu (R.A.) an ƙara da mashayar ruwa. Ya kuma hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudu. Ina tambayarku: mene ne illar wannan hani? Shin tsugunawar ce, ko kuwa isar najasar ga mutane? Babu shakka cutar da mutane ce. To, wanda ya toshe magudana har bahayar gida ɗari ta fashe a kan titi, yara suna takawa, mai ƙosai tana gefe, ta gangara cikin rijiyar unguwa, shin ya fi wanda ya tsuguna shi kaɗai a gindin bishiya sauƙin laifi? Wancan najasarsa kaɗai ya bari. Wannan ya fito da ta unguwa duka.

Ƙa'idar hana cuta da cutarwa kuwa kowa ya san ta, tana cikin Muwaɗɗa, kuma ita ce hadisi na 32 a cikin Arba'una ta Nawawi da yaranmu suke haddacewa a Islamiyya. Kuma idan kawar da abin cutarwa daga hanya shi ne mafi ƙanƙantar rassan imani, kamar yadda ya tabbata, ina matsayin mai sanya shi? Amma hadisin da na ga ya fi dacewa da wannan mas'ala shi ne na Nu'umanu ɗan Bashir (R.A.) a cikin Buhari, inda aka buga misali da mutanen da suka yi tarayya a jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda wajensu da hujjar cewa rabonsu ne. Wannan ita ce hujjar mai cewa: banɗakina ne, da kuɗina na gina. Tangaran naka ne, gaskiya. Taku biyar daga nan kuwa, bututun na jama'a ne.

Kada kuma ku zaci malaman fiƙihu sun bar wannan fage. A cikin Muhtasar na Halil an yi maganar wanda kuɗin yashe masai yake kansa idan gida mai hawa ne, na sama daban na ƙasa daban. Halil ya ɗora wa mai ƙasa, amma wasu daga cikin manyan mazhaba sun ce a raba gwargwadon yawan mutanen da suke amfani da shi. Ibnur Rami, wani magini masanin fiƙihun Malikiyya da ya rayu a Tunis a ƙarni na takwas na Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, ya yi bayanin magudanan da maƙwabta suke tarayya a kansu da yadda ake raba nauyin gyaransu. Mutanen da suka zauna suka yi wannan tahƙiƙi shekara ɗari bakwai da suka wuce, me za su ce da mu? Abin da nake gani, Allah ne Mafi sani, shi ne: wanda bai sani ba, ba shi da zunubi, sai a sanar da shi. Wanda ya sani cewa abin yana toshewa, ya jefa don ganda, ya yi haram, kuma idan aka tabbatar shi ne sanadi, kuɗin gyara da ɓarnar da ta auka wa maƙwabcinsa suna wuyansa. Haƙƙin bayi ne, istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Wahalarsa kuma ita ce ba ka san mutanen da za ka nemi yafewarsu ba.

Akwai ma wata mas'ala ta tsarki da ake gafala da ita. Malaman mazhabarmu sun sharɗanta cewa abin da za a yi istijmari da shi ya zama busasshe, mai tsarki, mai gogewa, ba mai cutarwa ba, ba kuma mai alfarma ba kamar abinci ko takarda mai rubutu. Jiƙaƙƙen abu sun fitar da shi, domin yana yaɗa najasa ne. Ruwan da ke jikin wannan tishu kuma ba ruwa ne zalla ba, an gauraya shi da sabulu da turare, saboda haka a wurinsu ba ya ɗauke hukuncin najasa. Ka ga ke nan mun sayi abu da tsada, tsarkinmu bai inganta da shi ba, ga shi kuma ya toshe wa jama'a hanya. Alhali ga buta nan. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, takardar bayan gida ta yi ƙaranci a kantunan Amurka, mutane suka koma ga tsumma da jiƙaƙƙen tishu, har hukumar kare muhallinsu ta fito tana roƙon kada a kora komai sai takardar. Mai buta bai san an yi wannan tashin hankali ba. Shi kuma mai son raya sunnar duwatsu, madalla, amma sunna ba ta ce ka jefa dutsen a cikin tangaran ba. Haka wanda ya kama ruwa da fiya wata, ledar ta fito tare da shi.

Zan juya ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu da suke saurare a bayan labule, kuma ina neman afuwa, domin babu kunya a wajen sanin addini. Na san da yawa daga cikinku ba ganda ce take sa ku jefa audugar al'ada, ko ƙunzugu, ko famfas ɗin jariri, ko gashin da aka taje a cikin masai ba. Tsoro ne. An gaya muku cewa idan aka bar su a shara, matsafa za su tsinta, a yi muku asiri, a hana haihuwa, ko a taɓa yaro. Ba mu musun sihiri, domin an yi wa Manzon Allah (S.A.W.) kansa, da gashi da mataji aka haɗa, aka jefa a rijiya. Amma da me aka yi masa magani, me kuma ya koya mana? Falaƙi da Nasi, da Ayatul Kursiyyu, da zikiran safiya da maraice, da dogaro ga Allah. Wadda ta bar waɗannan ta dogara ga bututu ya tsare ta, ta duba tauhidinta. Kuma ga abin da ba a gaya muku ba: abin da kika ɓoye a masai, shi ne mai gyara zai jawo da ƙugiya ya zube a tsakar gida da rana tsaka, maza suna kallo. Idan sutura ake nema, a wanke, a naɗe a leda, a ƙulle, a sa a shara, ko a haƙa rami a binne. Ku kuma magidanta, kwandon shara mai murfi nawa yake? Kun sayi tayil, kun sayi madubi, kun bar matanku ba su da inda za su sa abu.

Akwai wasu bayin Allah da ban so mu tashi ba mu ambace su ba, su ne masu shiga ramin. A cikin magudana da masai akwai iska mai guba wadda takan sumar da mutum cikin ɗan lokaci, na biyu ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Ƙasar Indiya ta yi doka a shekarar 1993, ta sake yin wata a 2013, don hana sa mutane kwasar bahaya da hannu, amma ba a daina samun mutuwar ma'aikata a cikin magudanai ba. A nan wurinmu ma masu yashe masai da dare suke aiki, ba mu ba su hannu, ba mu son a ce mun san su. Alhali Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da matar da take share masallacin Manzon Allah (S.A.W.) ta rasu aka binne ta ba a gaya masa ba, sai da ya nemi a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. Duk tsumman da ka jefa, akwai hannun ɗan Adam da zai je ya ciro shi.

Mu da muke kiran mutane zuwa ga Sunna, ido yana kanmu fiye da kowa. Mun iya muhawara a kan ƙabalu da sadalu, mun iya auna tsawon wando, kuma ban raina ko ɗaya ba. Amma maƙwabcin masallaci wanda ba ya zuwa karatunmu, bai san hujjojinmu ba. Abin da ya sani shi ne ruwan da ke fitowa ta ƙarƙashin katangarmu ya kwanta a ƙofar gidansa. Hukuma tana da nata nauyin, na gina magudanai, da kwashe shara, da sa ido a kan abin da 'yan kasuwa suke rubutawa a jikin kayansu. Gwamnatin Birtaniya ta sanar a shekarar 2024 cewa za ta hana sayar da jiƙaƙƙen tishu mai roba a ciki. Amma babu hukumar da za ta bi ka cikin banɗaki, nan kam daga kai sai Wanda Ya halicce ka.

Kwamitin masallaci ya sanar da ni cewa daga gobe za a ajiye kwando mai murfi a kowane banɗaki, na maza da na mata, kuma an ƙara butoci ashirin. Ana neman matasa huɗu da za su riƙa kwashe kwandunan bayan La'asar, mai so ya ba da sunansa ga ladan. Ragowar kuɗin mai gyaran famfo kuma ba a kammala biya ba, akwatin yana bakin ƙofa. Wanda ya san ya taɓa jefa wani abu a wurin nan, ba sai ya gaya wa kowa ba, ya san abin da zai sa a ciki.

Lokacin Isha'i ya yi, tambayoyi sai bayan salla. Allah Ya gafarta mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.